Maƙwabci na shan wiwi a baranda, an ce doka ta ba shi dama: ina iyakar abin a Kanada?

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ba mu daɗe da tarewa a Mississauga ba, muna haya a wani dogon bene. Maƙwabcinmu na ƙasa kullum bayan magariba sai ya fito baranda ya kunna wiwi, hayaƙin ya hau kai tsaye ɗakin yara. Ƙaramar tana da asma, jiya sai da na tashi cikin dare na ba ta abin shaƙarta. Na yi wa mai kula da ginin magana, ya ce an halatta ta a ƙasar nan, ba abin da zai iya. Da gaske ba ni da ta cewa? Sannan babban ɗana shekararsa 17, a hanyarsu ta makaranta akwai shagon sayar da ita, ga ƙanina ɗalibi da ke zaune tare da mu yana aikin kai abinci da mota. Don Allah wanda ya san dokar ya warware min ita dalla-dalla. Ba na so mu faɗa cikin abin da ba mu sani ba.

Baban_Sadiq_Brampton
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da zuwa, Allah ya ba yarinya lafiya. Rabin magana mutumin ya faɗa miki. Tun 17 ga Oktoba 2018 dokar tarayya ta yarda babba ya mallaki wiwi, amma da sharuɗɗa: kada ya fita waje da fiye da giram 30 na busasshiya, sayarwa sai mai lasisi, shuka kuma tushe huɗu. Sauran bayani, wato shekaru nawa, a ina za a saya, a ina za a sha, an bar wa kowane lardi ya tsara nasa, birane ma suna ƙara nasu a kai. A nan Ontario sai mai shekara 19. A cikin gini irin naku an hana sha a baranda ta cikin gida da kowa ke bi, da lifta, da matakala, da ɗakin wanki, da garejin ƙasa. Cikin ɗakin mutum da barandarsa kuwa, takardar haya ce ke magana. Ɗauko taki ki duba ko akwai sharaɗin hana shan taba, don yawanci iri ɗaya suke ba kowa.

Abu_Ammar
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a mu ji tsoron Allah. Gwamnati ta ƙyale, Allah bai ƙyale ba. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Ban ga amfanin mu zauna a zauren Musulmi muna lissafin giram nawa aka yarda a ɗauka ba. Yara suna karanta abin da muke rubutawa.

Hajiya_Uwani
Malam, babu wanda ya yi musun hukuncin. Baiwar Allah nan ba sha take son yi ba, 'yarta ce ba ta iya numfashi da dare. In ba ta san abin da doka ta ce ba, da me za ta tunkari mai gidan?

Garba_Scarborough
Ki kira 'yan sanda kawai Hajiya, su zo su ji warin da kansu.

Baban_Sadiq_Brampton
A'a Garba, 'yan sanda ba za su zo don babba yana sha a barandarsa ba, kuma lambar gaggawa ta 911 ba don wannan aka yi ta ba. Hanyar ita ce rubutu. Hajiya ki samu littafi ki riƙa rubuta rana da lokacin da hayaƙin ya shigo, ki karɓi takardar likita kan asmar yarinyar, ki aika wa mai gidan ƙorafi a rubuce ta imel, ba da baki ba. Ko da babu sharaɗin hana sha, dokar haya ta Ontario ta ce ɗan haya ba shi da ikon hana wani jin daɗin zama a gidansa. Mai gida na iya ba shi takardar gargaɗi, in kuma mai gidan ya yi biris, ke ma kina iya kai shi gaban Landlord and Tenant Board, hukumar da ke raba rikicin mai gida da ɗan haya. Sai dai a can akwai jira, ba abin sha yanzu magani yanzu ba ne.

Yar_Damagaram
Ina yini Anti. Ni ina Gatineau, mu namu daban ne ƙwarai. A Quebec sai shekara 21 tun farkon 2020, kuma shagon gwamnati kaɗai ke sayarwa, SQDC. Shuka a gida an hana gaba ɗaya, ko tushe ɗaya, har wani ya kai ƙara Kotun Ƙoli a 2023 ta ce lardin na da iko. Sha a titi ko bakin tashar bas ma an hana. Tsakaninmu da Ottawa gada ce kawai, wasu a ƙafa suke tsallakawa zuwa lakwal ko wurin aiki. Yaro mai shekara 19 zai saya a Ottawa ba laifi, yana hawowa wannan gefen kogin ya zama mai laifi, a ci shi tara. Da yawa cikin ɗalibanmu ba su san haka ba.

DanBorno_Calgary
Mu a Alberta 18 ne, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Amma birnin Calgary ya hana sha a bainar jama'a, alhali Edmonton sun fi sassauci, lardi ɗaya fa. Baban Sadiq, tushe huɗun nan ai kowane mutum ne ko? Na ji wasu samari da suka haɗa haya suna cewa su uku suna da goma sha biyu.

Baban_Sadiq_Brampton
Kowane gida ne, ba kowane kai ba. Ko ku goma ne a gidan, huɗu ne. Kuma irin ma sai daga halastaccen shago, sannan mai gida na iya hana shukar a takardar haya. Ka gaya musu tun wuri.

Mai_Taimakon_Baƙi
Hajiya Maman Khalifa, ni maganar ƙaninki ce ta fi tsaya min a rai, don ita ce mutanenmu suka fi sakaci da ita. Ina aiki a ofishin da ke taimaka wa sababbin zuwa, ba lauya ba ce ni, amma wannan muna maimaita shi kullum. A shekarar da aka halatta wiwi aka tsaurara dokar tuƙi cikin maye. Tun Disamba 2018 mafi girman hukuncinta ya koma shekara 10 a kurkuku, kuma a dokar shige da fice duk laifin da hukuncinsa zai iya kai shekara 10 babban laifi ne. Ba sai an ɗaure ka shekara goman ba. Ko tarar dala 1,000 alƙali ya yanka maka, sunan laifin bai canja ba. Ɗan ƙasa zai biya tara, a karɓe lasisinsa na wani lokaci, ya ci gaba da rayuwa. Mai PR kuwa, wato mai takardar zaman dindindin, ana iya buɗe masa fayil na korarsa daga ƙasar, in kuma ɗaurin ya kai wata shida ko damar ɗaukaka ƙara kan korar ba shi da ita. Ɗalibi ko mai takardar aiki nasa ya fi sauƙin lalacewa.

Ma'aunin kuma ɗan kaɗan ne. Nanogiram 2 na THC, sinadarin wiwi mai sa maye, a kowace mililita ta jini laifi ne, daga 5 zuwa sama shi ne babban. Ƙin yarda a gwada ka shi ma laifi ne mai zaman kansa, tararsa daga dala 2,000 take farawa. Saurayi zai ga abokansa 'yan ƙasa suna zuƙa su shiga mota, ya ɗauka shi da su ɗaya ne.

Maman_Khalifa
Subhanallah. Shi dai ba ya sha, alhamdu lillah, amma yana ɗaukar abokai a motar. In su ne ke ɗauke da ita fa?

Direban_Tirela_401
Anti ki ja masa kunne sosai. A Ontario ba a sha a cikin mota, direba ko fasinja, ko motar a tsaye take matuƙar za a tuƙa ta. In akwai ta a motar dole ta kasance a rufe cikin ledarta ta asali ba a ɓare ba, ko a cikin jaka a rufe inda hannu ba zai kai ba, but ɗin mota ya fi. Ɗan sanda na jin wari ya ga buɗaɗɗiyar leda kusa da giyar mota, direba zai fara tambaya. Kuma in lasisinsa G1 ne ko G2, wato na sabon direba, ko shekarunsa ba su wuce 21 ba, ba a yarda a samu ko ɗigo a jikinsa ba. Mu masu manyan motoci ma haka. Mu da ke shiga Amurka da kaya har gwajin fitsari ake mana ba sanarwa, dokar can ce, ba ruwansu da abin da Kanada ta halatta. Na san wanda ya rasa aiki a kan haka, da iyali da bashin gida a wuyansa.

Dalibi_Ottawa
To amma Yaya, ai New York da Michigan su ma sun halatta. In mutum ya tsallaka ta Niagara ko Windsor da 'yar kaɗan, daga inda aka yarda zuwa inda aka yarda, ina laifin?

DanZango_Bronx
Ƙanina kar ka soma. Ni ina New York, tun 2021 jihar ta halatta wa mai shekara 21, shaguna ko'ina, wari har cikin jirgin ƙasa. Amma boda ba ta jiha ba ce, ta tarayya ce, kuma a dokar tarayyar Amurka shan ta don nishaɗi laifi ne har gobe. Shige da fice ma na tarayya ne. A 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta fito ta ce ko aiki ka yi a halastaccen shagon wiwi, ana iya cewa ba ka cika sharaɗin kyawun hali ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in jami'in boda ya tambaye shi ya ce e yana sha, wannan amsar kaɗai ta isa a hana shi shiga. Yaranmu na Zango da aka haifa a nan suna da fasfo, 'yan uwansu da suka zo daga Kumasi da girin kad, takardar zaman dindindin, suna bin su a baya, ba su san ba matsayinsu ɗaya ba.

Mai_Taimakon_Baƙi
Ƙari a kan na Ɗan Zango: ta ɓangaren Kanada ma laifi ne. Shigo da ita ko fita da ita ta kowace boda, komai ƙanƙantarta, har da man CBD da ake haɗawa daga wiwi da wanda likita ya rubuta, hukuncin na iya kai shekara 14. Jirgi daga Toronto zuwa Calgary an yarda da giram 30. Jirgin da zai bar ƙasar, babu.

Dalibi_Ottawa
Na gode. Dalilin tambayar, wani shago kusa da mu na neman ma'aikata kuma kuɗin ya fi na inda nake. Ba sha zan yi ba, kanta kawai zan tsaya.

Abu_Ammar
Ɗana, kar ka je. An la'anci mai sayar da giya kamar yadda aka la'anci mai shan ta, malamai kuma sun haɗa duk mai sa maye a hukunci ɗaya. Ka yi haƙuri da ɗan abin da kake samu, Allah zai buɗa wata ƙofar. In kana so ka yi min magana ta gefe, akwai 'yan uwa masu shagon nama da ke neman yaro.

DanZango_Bronx
Ko ka ajiye maganar Malam gefe, wanda bai kamata ka ajiye ba, fom ɗin bizar Amurka na tambaya kan kayan maye. Da koren fasfo kake, watarana za ka nemi bizar nan.

Nas_Winnipeg
Bari in dawo da mu kan yara, don ni abin da nake gani a wurin aiki ke nan. Hayaƙi ana jin warinsa a gudu. Wanda ba a ji shi ne na ci: alawa mai taushi, cakulan, biskit, lemo. An fara sayar da su bisa doka bayan Oktoba 2019. Na halas ledarsa ba ado, tana da wuyar buɗewa ga yaro, akwai jan tambari mai kusurwa takwas da hoton ganye da rubutun THC, ga hatimin haraji na lardi, kuma ba ya wuce miligiram 10 a leda. Na bayan fage kuwa ana yin sa da kamannin alawar da yara suka sani, launi ɗaya, suna kusan ɗaya, ƙarfinsa kuma ninkin-ba-ninkin. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara huɗu da ya tsinci irin wannan a jakar baƙo. Uwar ta ɗauka barcin gajiya ne, sai da ta ga an ɗaga hannunsa ya faɗi yaraf, idanu sun yi ja, ba ya amsa kira. Ya kwana ana sa masa ido kan numfashi, Allah ya sa ya tashi. Abin ci ba ya kama mutum nan take, yana ɗaukar rabin awa zuwa awa biyu, shi ya sa ba a gane da wuri. In kin ga haka ki kira 911, kuma ki faɗi gaskiyar abin da kike zargi, kar kunya ta hana ki.

Shi kuma Khalifa, ki zaunar da shi ku yi magana ba da faɗa ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri yana sha kullum ya fi shiga haɗarin taɓin hankali, balle in akwai shi a dangi. Ta yanzu ma ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hajiya_Uwani
Allah ya saka da alheri Nas. Ni tun da na ji irin wannan, duk alawar da jikokina suka shigo da ita sai na juya ledar na duba.

Baban_Sadiq_Brampton
Kan ɗan shekara 17: a Ontario bai isa ya saya, ya riƙe ko ya sha ba. In an kama shi da 'yar kaɗan za a ƙwace, a ci shi tarar da ba ta wuce dala 200 ba ko a tura shi wani shirin wayar da kai. In ta haura giram 5 ya shiga dokar laifuka ta yara. Babban da ya ba shi ko ya sayar masa kuwa, har shekara 14. Wannan ya shafi abokin da ya cika 19 ya miƙa wa na ƙasa da 18 a wurin biki. Shagon da kika gani dole ya nisanci makaranta da mita 150, kuma ba sa barin yaro ya shiga, a bakin ƙofa ake duba kati.

Sani_Hamburg
Mu ma a Jamus tun 1 ga Afrilu 2024 aka sassauta, amma babu shaguna irin naku. Giram 25 a waje, 50 a gida, tushe uku ga kowane babba, ko ka shiga ƙungiyar masu nomawa wadda ba ta wuce mutum 500. Ba a sha kusa da makaranta ko filin wasan yara, ba a sha a gaban yaro. Rikicin baranda irin na Hajiya mu ma shi ake ta yi da maƙwabta.

Dan_Fagge
Ina karanta ku daga Kano ina ta mamaki. Mu nan NDLEA ko ƙulli ɗaya ta samu a aljihunka ka shiga uku. Kuma kusan kullum sai an ji sun kama wadda ake kira Canadian Loud a tashar jiragen ruwa ta Legas, an cusa ta cikin motocin da aka yo oda daga can. Don Allah masu turo motoci da kaya a kwantena ku san wanda kuke haɗa lodi da shi. Masu zuwa hutu kuma ku zazzage jakunkunanku da aljihun rigunan sanyi kafin ku taso, musamman in yaro matashi ya taɓa amfani da jakar. Balle mai wucewa Umara, Saudiyya ba ta wasa da wannan ko kaɗan.

Abu_Ammar
Kun ga abin da nake faɗa. Ƙasar da ta buɗe ƙofar ga shi ɓarnar ta isa har gidajenmu. Ni har yanzu ina ganin maganin shi ne tarbiyya, ba sanin giram ba.

Nas_Winnipeg
Malam, su suna cewa sun yi ne don su raba yara da dillalan bayan fage su kuma san abin da ke cikin kayan. Ko sun ci nasara ko ba su ci ba, su kansu suna ta gardama a kai. Ni ban ga inda tarbiyya da sanin doka suka yi karo ba. Yaron da aka gaya wa haramun ne, aka kuma gaya masa abin da zai sami takardunsa, ya fi wanda aka ce masa "kul" kawai.

DanBorno_Calgary
Masu neman aiki a wuraren haƙar mai na Fort McMurray su ma su sani, kamfanoni da yawa na gwaji kafin su bar ka ka shiga filin aiki, kuma tana daɗewa a fitsari bayan mayen ya tafi.

Maman_Khalifa
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba takardar hayar, akwai sharaɗin hana shan taba da wiwi a ɗaki da baranda. Na nuna wa mai kula da ginin, sai ya ce shi maƙwabcin ya riga sharaɗin shiga gidan, tsohuwar takarda gare shi. Haka ne ana yi?

Baban_Sadiq_Brampton
Ana yi. Ba a iya ƙara wa tsohon ɗan haya sabon sharaɗi sai da yardarsa. Saura hanyar cutarwa da na faɗa, ita ba ruwanta da tsohuwar takarda ko sabuwa. Ki fara rubutun daga yau, ki kuma nemi su toshe kafofin taga da na iska a ɗakin yaran, wannan aikinsu ne.

Hajiya_Uwani
Ni da za ki ji tawa, kafin takarda ki sa Baban Khalifa ya sauka ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da rana, ya gaya masa yarinya ce ba lafiya. Da yawansu in aka ambaci yaro suna ji. Wataƙila ya koma ɗaya gefen ko ya sauka ƙasa.

Garba_Scarborough
Hajiya ban yarda ba. Ba ka san halin mutum ba, ka je ƙofarsa ya ce ka tsorata shi, magana ta juye kanka, kai da ko shekara ba ka yi a ƙasar ba. A bar ofis ya yi magana da shi.

Yar_Damagaram
Ko ta rubuta 'yar wasiƙa cikin ladabi ta zura ta ƙarƙashin ƙofa, ta ajiye kwafi. Anti, ginin naku na kamfani ɗaya ne ko kondo ne, wanda kowane ɗaki da mai shi, mai kwamiti? Don in kondo ne, dokar kwamitin na iya hawa kansa ko me takardarsa ta ce, sai a duba ko sun keɓe tsofaffin mazauna.

Maman_Khalifa
Na kamfani ne. Baban Khalifa ya fi karkata ga shawarar Hajiya Uwani, ni kuma wasiƙar ta fi kwanta min. Baban Sadiq, takardar likitan, ta likitan iyali ake so ko ta asibitin da ake zuwa ba alƙawari ma ta isa? Har yanzu ba mu samu likitan iyali ba.